Na Je Zariya Yaye Kurata, Na Dawo da Labarin Jiragen Dakon Soja

Ƙanena ne ya gama horon kurtu a Depo, makarantar horar da sababbin sojoji da ke Zariya, aka sa ranar faretin yaye su. Hajiyarmu ta ce ƙafarta ba za ta jure zaman mota ba, don haka ni zan wakilci gida. Na shiga mota a Unguwa Uku da hantsi, ɗauke da ƙullin dambun naman da ta yi wa yaron, da goro da turmin atamfa na gidan Kawu. Hanyar ba baƙuwata ba ce. Mun wuce Kura da gonakin shinkafarta, mun wuce Kwanar Dangora, a Tashar Yari masu rake suka yanyame motar tun ba ta gama tsayawa ba. Kafin azahar na sauka a Kwangila, na tari Keke zuwa Palladan.

Kawu wan mahaifiyata ne, tsohon sojan sama. Shekarunsa na aiki kusan duk a cikin jirgin dakon kaya ya yi su, shi ne mai kula da lodi. Da ya yi ritaya sai ya sayi fili ba nisa da katangar kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa tun 1964. Inna, matarsa, ta ce ta yi ta roƙonsa su koma cikin birni kusa da dangi, ya ce shi kunnensa ya riga ya saba. Muna zaune a zaure ina cin tuwon da aka ajiye mini, ƙananan jiragen koyo masu farfela ɗaya suna ta tashi, su zagaya, su sauko su taɓa titi su sake ɗagawa ba tare da sun tsaya ba. Kawu ba ya ɗaga kai. Da kunne yake bin su. Wani ya wuce ya ce, "Wannan sabon hannu ne, ka ji yadda yake wasa da mai."

Washegari da asuba muka nufi bariki. Depo tsohuwar makaranta ce, tun 1924 ake mai da ɗan farar hula soja a nan, kuma duk wanda ya taɓa zuwa yaye kurata ya san yadda abin yake: badujala na tashi, ƙura na tashi, iyaye mata na miƙa wuya suna neman ɗansu cikin samarin da duk aka yi wa aski iri ɗaya. Ni ma ban gane namu ba sai da aka tashi. Ya rame, ya yi baƙi, wuyansa ya yi tsawo, amma tsayuwarsa ta canza. Ya durƙusa ya gai da Kawu, Kawu ya ɗaga shi ya riƙe kafaɗarsa ya daɗe bai ce komai ba.

Muna fitowa ya nuna mini allon da ke ɗauke da sunan barikin, Chindit. Ya ce, "Rundunar su Baba ke nan. In mun koma gida zan nuna maka."

Bayan la'asar ya sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe cikin tsohon rawani, akwai lambar yaƙin kakanmu. Tauraro ne na tagulla mai tsini shida, ya yi duhu saboda shekaru, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na sha jin ana cewa Kaka ya je Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda ake faɗa a gidaje da yawa a ƙasar Hausa, amma ban taɓa tambayar yadda ya shiga dajin ba. A zatona da ƙafa ne. Kawu ya ce ta sama aka kai su.

Janar Orde Wingate na Ingila, jagoran rundunar Chindit ɗin, shi ne ya tsara abin. So yake ya ajiye dubban sojoji a bayan sojojin Japan, su datse musu layin dogo da hanyoyin kawo abinci. A daren 5 ga Maris 1944 jiragen dakon kaya da ake kira Dakota suka fara tashi daga Lalaghat a yankin Assam na Indiya, suna jan jirage marasa inji da igiya, zuwa wani fili a tsakiyar daji da suka sa wa suna Broadway, fiye da kilomita 200 a bayan abokan gaba. Aikin haɗin gwiwa ne. Matuƙan Amurka ƙarƙashin Kanar Philip Cochran da na sojan saman Ingila su ne da jirage, sojojin ƙasa kuma Turawan Ingila ne da Gurka 'yan ƙasar Nepal da 'yan Burma da namu. Daren farko jiragen da ake ja da yawa sun farfashe wajen sauka, mutane suka mutu. Waɗanda suka tsira suka fito da ƙananan katafilolin da aka zo da su, suka share titi, daren da ya biyo baya Dakota ta fara sauka da ƙafarta. Cikin mako guda an sauke mutum kusan 9,000 da alfadarai sama da 1,000.

'Yan Najeriya bataliya uku ne a ciki, ta 6 da ta 7 da ta 12, a Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma. Su daga baya aka kwashe su zuwa wani filin mai suna Aberdeen, gajeren titi a tsakanin tsaunuka. Wingate kansa bai ga ƙarshen aikin ba, jirginsa ya faɗi ranar 24 ga Maris ɗin. Kawu ya ce Kaka ya sha ba su labarin daren da aka shigar da su, shi da bai taɓa ganin cikin jirgi ba, zaune a ƙasa da bindiga tsakanin gwiwoyi, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa, ga alfadarai a ɗaure a shingen gora suna harbin iska. Daga ranar duk abin da za su ci daga sama yake zuwa. Shinkafa, biskit, harsashi, magani, wasiƙa, duka da laima ake sako su. Wani sansanin ma da suka tsare, laimomin da suka maƙale a bishiyoyi ne suka sa ake ce masa White City. Da damina ta kankama, hadari ya rufe sama, jirgi ya kasa zuwa, sai yunwa. Marasa lafiya kuwa ƙananan jirage ne ke ɗaukarsu ɗai-ɗai, daga baya har jiragen da ke sauka a kan ruwa aka kawo tafkin Indawgyi suka kwashe ɗaruruwa.

Na riƙe lambar nan ina tunanin wani abu da ni Bakano na sani amma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. A yaƙin nan dai, tun daga 1940, ana kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, su taso ta Legas, su sha mai a Kano, su wuce Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan zuwa Khartum da Alƙahira. Sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Ashe a lokacin da ake sauke kakanninmu a filayen ƙasar wasu, namu filin na Kano shi ma zangon wasu ne.

Da na tambayi Kawu nasa aikin, sai ya gyara zama. Najeriya ta fara karɓar jiragen C-130 a 1975, ta ƙaro wasu masu dogon jiki a 1985, duka suka zama tara, mazauninsu Ikeja. Inji huɗu gare shi, yana ɗaukar soja 92, ko kaya wajen tan 20. Ya ce mutane suna jin haka sai su ɗauka zuba kaya kawai ake yi a rufe ƙofa.

"Ɗan nan, jirgi kamar mangalar jaki ne. In gefe ɗaya ya rinjaya, ba ruwansa da galan ɗinka."

Ya bayyana mini dalla-dalla. Kaya ba a zube ake shigar da su ba. Akwai faffaɗan faranti na alminiyon da ake jera kaya a kai, a lulluɓe da raga, a ɗaure tamau, a auna, a rubuta nauyin a jiki. Shida ne ke shiga C-130, ana tura su ta ƙofar baya a kan ƙananan tayoyin da ke shimfiɗe a ƙasan jirgin, a kulle kowanne a gurbinsa. Mota kuwa da sarƙa ake ɗaure ta gaba da baya da gefe, a ƙidaya sarƙoƙin gwargwadon nauyinta, domin in matuƙi ya taka birki da ƙarfi, motar da ba ta ɗauru ba cikin mutane za ta shigo. Shi ne zai lissafa inda tsakiyar nauyin ya faɗa. In ya yi baya da yawa, hancin jirgi zai ɗaga fiye da kima wajen tashi, in ya yi gaba, da ƙyar zai rabu da ƙasa. Sai ya sa hannu a takarda ya kai wa matuƙi. Kuma lissafin safe daban ne da na rana. Idan zafi ya yi yawa iska takan yi sako-sako, inji ba ya ba da ƙarfinsa duka, fiffike ba ya kamawa sosai, don haka kayan da za ka tashi da su da asuba ba za ka tashi da su da azahar a gajeren titi ba. Ga mai: duk litar da ka ƙara, ka rage kaya. In kuma filin da za ka ba shi da mai, dole ka ɗauki na dawowa tun daga gida.

Ya yi zirga-zirgar ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Rundunar ta sauka Monrobiya ta ruwa a Agusta 1990, amma bayan haka musayar sojoji da albashi da magani da kayan gyara, yawancinsu ta sama ne. Ya sauka Robertsfield a Laberiya, ya sauka Lungi a Saliyo. Ya ce Lungi tana tsallaken ruwa ne daga Firitawun, saboda haka sauke kaya a filin rabin aiki ne, sai an sake nemo jirgin ruwa ko mai saukar ungulu. A irin wannan fili, in ji shi, ba kai kaɗai ba ne. Ga jirgin wata ƙasa, ga na Majalisar Ɗinkin Duniya, ga na haya, kowa da lokacin da aka yanka masa na sauka da tashi, wurin fakin kuwa kaɗan. Motar ɗaga kaya ɗaya ce tal wataƙila, kuma ta wasu ce. Ya ce ya koyi cewa mutumin da ke tuƙa wannan motar ya fi wani hafsan amfani a ranar, don haka kullum da goro ko sigari a aljihunsa. Kafin ma a tashi daga gida sai an nemi izinin ratsa sararin kowace ƙasa da ke hanya, takardar ƙasa ɗaya in ta makara, bataliya guda za ta kwana a filin jirgi da jakunkunanta.

Inna ta leƙo ta ce, "Ba ka faɗa masa abin da kuke dawowa da shi ba."

Ya yi shiru tukuna. Ya ce tafiya da kaya ake yi, dawowa da mutane. Waɗanda aka harba a jere a kan gadajen ɗaukar majiyyata da aka rataya hawa-hawa, wani lokaci kuma akwatuna. Su ma sai an auna su, an rubuta, an ɗaure. Ya ce babu abin da ya fi masa nauyi a aikin irin ɗaure akwatin yaron da shi da kansa ya nuna wa wurin zama watanni kaɗan da suka wuce. Daga nan ya gangaro kan 26 ga Satumba 1992, ranar da C-130 ta taso daga Legas za ta Kaduna, ta faɗa fadamar Ejigbo mintuna kaɗan bayan tashi. Mutum fiye da 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi ne masu kwas a Jaji, nan kan hanyar Kaduna. Muka yi musu addu'a, aka kira magariba.

Bayan isha'i na bi shi teburin mai shayi a bakin titin Samaru, inda yake hira kullum. Akwai wani tsohon malamin makaranta, da wani direban tirela, da wani saurayi ɗan Agadas da ke karatu a jami'a. Da Kawu ya ce ga ɗan ƙanwarsa yana ta tambayar jirage, sai saurayin ya ce ai su a garinsu sun ga abin da idonsu.

Sansanin da Amurka ta gina a kudancin Agadas, wanda ake kira 201, ya ci sama da dala miliyan 100, kuma a 2019 jirage marasa matuƙi suka fara tashi daga can. Ya ce kafin haka shekaru aka yi manyan jirage na sauke kayan gini da injuna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abubuwa suka juya. Sojojin Faransa suka gama ficewa daga Nijar a Disamba, a Maris 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyarta da Amurka, aka bar sansanin Yamai a Yuli, aka miƙa na Agadas ranar 5 ga Agusta. Sojan Amurka wajen 1,000 da kayansu, yawanci ta sama suka fita. Jamusawa ma, da ke da zangon jigila a Yamai, suka tattara a ƙarshen watan. Kawu ya ce jirgin da ya yi wannan kwasar, C-17, yana ɗaukar tan 77, faranti 18, wato sawu ɗaya nasa ya kusa huɗu na jirgin da shi ya yi aiki a ciki, kuma duk girmansa yana iya sauka a titin da bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba.

Direban ya tambayi saurayin ko sun yi kewarsu. Ya ce waɗanda ke aikin shara da girki da gini a ciki sun rasa abin yi, wannan gaskiya ne. Amma shi abin da ya tsaya masa a rai, shekara da shekaru jirage na tashi a bayan gari, ba wanda ya san inda za su ko abin da suka gani, kuma tsaron hanya bai canza yadda talaka zai ji a jikinsa ba.

Malamin ya karɓe. Ya tuna mana wasiƙar da wasu malaman jami'a da 'yan ƙungiyoyin farar hula na Arewa suka rubuta wa shugaban ƙasa a Mayu 2024, cikinsu har da Farfesa Attahiru Jega da Farfesa Abubakar Siddique Mohammed na nan Zariya, suna gargaɗin kada a bari sansanonin da aka kora daga Sahel su dawo Najeriya. Gwamnati ta ce babu wannan magana. Ya ce ba yau aka fara ba: yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da Ingila lokacin samun 'yancin kai ta ba jiragenta damar ratsawa da yada zango a ƙasar nan, ɗalibai suka yi ta zanga-zanga har aka soke ta a Janairu 1962.

Kawu bai musa ba. Ya dai ce a tuna Mali. A Janairu 2013, da Faransa ta shiga yaƙi can, ita kanta ba ta da isassun manyan jiragen da za su kwashe mata motocin sulke. Ingila ta ba da C-17 biyu, Kanada ta ba da ɗaya, na Amurka suka riƙa tashi daga Istres ta Faransa zuwa Bamako, aka yi hayar manyan Antonov, Jamus ta kawo nata biyu don sojojin Afirka ta Yamma. Namu yaran da aka horar a Jaji daga Kaduna suka tashi, kuma ɗan Najeriya ne, Manjo Janar Shehu Abdulƙadir, ya jagoranci rundunar Afirka. A Darfur ma, a Oktoba 2004, jiragen C-130 na Amurka ne suka ɗebi sojojinmu daga Abuja zuwa El Fasher. Ya ce, "Ni ba na son tutar kowa a filinmu. Amma wanda ya ce ba ya son aro, sai ya tanadi nasa."

Ni a nan na tsaya, kuma har yanzu a nan nake. Ina tare da masu cewa kada a ba kowa sansani. Abin da na ji daga bakin ɗan Agadas ya ishe ni hujja. Sai dai abin yana damuna ƙwarai cewa duk lokacin da ake maganar sojan sama, jiragen kai hari muke tafa wa. Da Super Tucano 12 suka iso a 2021 kowa ya ji labari. Jiragen dako kuwa, cikin taran nan kaɗan ne suka rage a aiki, kuma sun haura shekara 40. Su ne ke kai soja, su ciyar da shi, su dawo da shi in ya ji rauni. Su ne kuma ake nema ranar da ambaliya ta yanke gari ko rikici ya rutsa da 'yan ƙasa a waje. Tun daga Kaka a Aberdeen har zuwa yaran Darfur, sau da yawa jinin namu ne, fiffiken na wasu, kuma mai fiffike shi ke faɗin ranar tafiya da ranar dawowa. Yanzu da nake da ƙane a cikin kaki, wannan magana ta daina zama ta jarida a wurina.

An ba sababbin sojojin 'yan kwanaki kafin su tafi inda aka tura su, don haka yaron ya zo Palladan da safe ya yi sallama. Inna ta cika masa leda da ƙuli-ƙuli da yaji, na ba shi dambun Hajiya. Kawu ya zaunar da shi a kan tabarma ya ce yau ko gobe za a sa shi a jirgi, to ya saurara. Ya zaga bayan gida kafin a shiga, domin abin da ke ciki ba wurin sakewa ba ne. Ya nemi auduga ya toshe kunne. Ya sa rigar sanyi ko da a Maiduguri aka taso, sama ba ta san bazara ba. Kada ya bi ta kusa da farfela ko da a tsaye take, ya bi layin da aka nuna masa. Inda mai lodi ya ce ya zauna, nan zai zauna, ko da abokinsa na can ɗaya gefen.

"In aka ce ku hau sikeli, ka hau da duk abin da za ka shiga da shi, har gorar ruwanka. Kada ka ɓoye komai a jakar wani. Ku casa'in ne, in kowa ya ɓoye kilo biyar, mutumin da ya sa hannu a takardar nan bai san da su ba."

Yaron ya ce, "To, Kawu." Kawu ya sa shi ya maimaita tun daga farko.